Sarkin Wata Uku a Littafin Ma'ajin Babila

A shekarar 1899 wani Bajamushe mai tonon kufai, Robert Koldewey, ya kafa diga a tsohon birnin Babila, kudu da Bagadaza, bai sauke ta ba sai 1917, da yaƙin duniya na farko ya iso inda yake. A wata kusurwa ta fadar Sarki Bukhtanasar, dab da babbar ƙofar nan ta Ishtar, ma'aikatansa suka faɗa wa wani gini a ƙarƙashin ƙasa, ɗakuna goma sha huɗu, kowanne da rufin bakan gizo. Koldewey ya ɗauka harsashin mashahurin lambun Babila ya gano, wanda aka ce an dasa shi a sama bisa benaye. Masanan da suka biyo baya sun fi ganin sito ne kawai, abin da aka kwaso daga ciki kuma ya goyi bayansu: alluna na yumɓu kusan 300, masu irin rubutun nan da ake dannawa da tsinke tun yumɓun yana ɗanye. Aka kai su Balin aka haɗa da sauran kaya, suka yi shekaru a ajiye.

Sai a 1939, shekarar da wani yaƙin ya sake ɓarkewa, wani masani mai suna Ernst Weidner ya buga abin da ya karanto daga wasunsu. Babu addu'a a ciki, babu kirarin sarki, babu labarin yaƙi. Lissafin ma'aji ne tsagwaronsa: wane ya karɓi man riɗi kaza, wane sha'ir kaza, tsakanin shekarar 595 da 570 kafin Miladiyya. Masu karɓar kuwa tarkacen ƙasashe ne: matuƙan jirgin ruwa daga Taya, kafintoci daga Arwad, Yunanawa, Farisawa, 'ya'yan sarkin Ashkelon su biyu, har da wani Bamisire da aikinsa kiwon birai. A cikin wannan jeri, a kan alluna huɗu, sai ga wani suna da marubucin fada ya lanƙwasa yadda harshensa zai iya: Ya'ukinu, sarkin ƙasar Yahuza. Tare da shi an lissafa 'ya'yan sarki biyar, da wasu mutum takwas 'yan ƙasarsa. Rabon mutum guda a cikinsu bai wuce kimanin rabin lita ba. Na sarkin ya ninka wannan fiye da sau goma.

Duk mai karatun Littafi Mai Tsarki na Kirista ya san mutumin. Shi ne Yekoniya, wanda ake kuma kira Yehoyakin, daga tsatson Annabi Dauda, Alaihis Salam. Wata uku ya yi a gadon sarauta, sauran rayuwarsa duk a hannun abokan gaba. A wuyansa kuma wani alkawari yake rataye, wanda har yau Yahudawa da Kiristoci ba su gama gardama a kansa ba.

Almajirin da ya yi karatun allo a Rimaye ko Kusada ya san Annabi Dauda sarai. Ya san shi ya kashe Jaluta, Allah ya ba shi mulki da hikima da Zabura, ya tausasa masa ƙarfe, ya sanya shi halifa a bayan ƙasa. Abin da ba lalle ya ji ba shi ne labarin da ke cikin littafin Sama'ila na biyu, sura ta bakwai. Can aka ce bayan Dauda ya natsu a Urushalima, wato birnin Ƙudus, wajen shekara dubu kafin Miladiyya, sai abin ya dame shi: ga shi a fadar katakon al'ul, akwatin alkawarin Ubangiji kuwa yana cikin alfarwa. Ya gaya wa Annabi Natan yana son ya gina wa Ubangiji gida. Natan ya ce ya yi. A daren nan saƙo ya zo wa Natan cewa ya koma ya warware maganarsa. Ba Dauda ne zai gina wa Allah gida ba, Allah ne zai kafa wa Dauda gida. An tuna masa daga bin tumaki aka ɗauko shi. An ce ɗansa ne zai yi ginin, kuma idan ɗan ya yi laifi za a hore shi da sanda, amma ba za a janye rahama daga gare shi ba kamar yadda aka janye daga Ɗalutu. Gidan Dauda da gadon sarautarsa za su tabbata har abada.

Kalmar ƙarshen nan ita ce ta jawo komai. Akwai wasu wurare a littattafan da suka sa sharaɗi, cewa sai in 'ya'yan sun kiyaye umarni, amma jama'a sun fi riƙe wadda ba sharaɗi, kuma tarihi ya daɗe yana ba su gaskiya. Bayan rasuwar Annabi Sulemanu, wajen 930, ƙasar ta tsage biyu. Ƙabilu goma na arewa suka ɓalle, kuma a cikin shekara ɗari biyu da 'yan kai gidaje tara suka yi ta ƙwace sarauta a hannun juna, hafsa ya kashe sarki, wani ya kashe hafsan, har Assuriyawa suka share masarautar a 722. A kudu kuwa, ƙaramar Yahuza mai duwatsu, gida ɗaya ne ya yi ta mulki sama da shekara ɗari huɗu, sarakuna ashirin da ɗaya daga Dauda zuwa na ƙarshe. An sha kashe sarki a fadar Ƙudus ma, amma da an kashe sai mutanen ƙasa su ɗauko ɗansa su naɗa.

Sau ɗaya igiyar ta kusa tsinkewa. Wajen 841 Sarki Ahaziya ya mutu, uwarsa Ataliya ta sa aka bi 'ya'yan sarauta ana kashewa don ta hau da kanta. Gwaggon wani jariri mai suna Yowash, ɗan Ahaziya, ta sace shi tare da mai renonsa, ta ɓoye shi a cikin Haikali, gidan Ubangijin da Sulemanu ya gina, shekara shida, ƙarƙashin hancin kakarsa. Yana shekara bakwai aka fito da shi aka ɗora masa kambi. Sannan a 701 Sennakerib na Assuriya ya zo da rundunar da ba a taɓa tarewa ba. A rubutun da ya bari da kansa ya yi alfaharin cin garuruwa 46 masu ganuwa a ƙasar Yahuza, ya ce ya kulle Sarki Hezekiya a birninsa kamar tsuntsu a keji. Bai ce ya ci birnin ba, don bai ci ba. Mutanen da suka ga irin wannan sau biyu ba za a zarge su ba in sun fara ganin ba abin da zai taɓa gidan Dauda.

Wannan sakankancewar ce ta kai su ta baro. A 609 Fir'auna Neko ya kashe Sarki Yosiya na Yahuza a Magiddo. A 605 Bukhtanasar ya karya Misirawa a Karkemish, Yahuza ta koma biyan haraji ga Babila. Sarki Yehoyakim ya biya shekara uku, sannan ya ƙi. Kafin rundunar Babila ta gama da shi ya mutu, ya bar wa ɗansa Yekoniya, saurayi ɗan shekara goma sha takwas, gari a cikin ƙawanya da bashin tawayen da ba shi ya ci ba.

Yaron ya yi abin da manyan fada da yawa za su kira abin kunya. Ya buɗe ƙofa ya fita da ƙafarsa, shi da uwarsa Nehushta da fadawansa, ya miƙa wuya. Babilawa sun rubuta ranar a nasu tarihin, allon yana gidan tarihi na Landan, D. J. Wiseman ya buga shi a 1956: biyu ga watan Adar, shekara ta bakwai ta Bukhtanasar, wato 16 ga Maris, 597 kafin Miladiyya. Ba kasafai ake samun ranar wani abu na wancan zamani daidai haka ba. Saboda fitar nan tasa ba a ƙone birnin ba a wannan karo. Aka kwashe dukiyar Haikali, aka tasa ƙeyar mutum dubu goma, sarakai da mayaƙa da maƙera da masu sana'a, tafiyar watanni a ƙafa zuwa Babila. Bukhtanasar ya ɗauko ƙanen uban yaron, Mattaniya, ya sake masa suna Zadakiya, ya naɗa shi.

Mu a ƙasar Katsina wannan ba baƙon labari ba ne. A 1905 Turawa suka tuɓe Sarki Abubakar suka kai shi Ilori, a 1906 suka tuɓe Yero suka kai shi Lakwaja, sarautar da Dallazawa suka riƙe shekara ɗari ta koma hannun Durɓi Muhammadu Dikko. A Lakwaja ɗin nan Sarkin Kano Alu ya ƙare kwanansa a 1926. Mai ƙarfi yakan ga ya fi masa riba ya ajiye tuɓaɓɓen sarki da rai a nesa, yana ciyar da shi, da ya kashe shi. Allunan Weidner sun nuna Bukhtanasar ya san wannan dabara. Ɗaya daga cikinsu na shekarar 592 ne, shekara biyar bayan kamun, kuma har lokacin ma'ajin fada sarki yake kiran Yekoniya, alhali baffansa na zaune kan gado a Ƙudus. Wato an ajiye yaron ne a matsayin wuƙa a wuyan Zadakiya: ka motsa, ga mai gadon a hannunmu. Waɗanda aka kwaso tare da shi ma haka suka ɗauke shi. Annabi Ezekiyel, wanda yana cikinsu, da shekarun kamun Yekoniya yake lissafin kwanan wata, bai kula da shekarun mulkin Zadakiya ba.

A Ƙudus kuwa gari ya rabu. Wani mai suna Hananiya ya tsaya a Haikali ya yi shelar cewa cikin shekara biyu Yekoniya zai dawo da kayan Haikali duka. Wannan ce maganar da kunne ke so. Annabi Irmiya ya ce ƙarya ne, ya aika wa kamammu wasiƙa cewa su gina gidaje su dasa lambuna su aurar da 'ya'yansu, zama ya same su. Game da Yekoniya kansa, Irmiya ya riga ya faɗi maganar da ta fi kowace ɗaci: ko da shi zoben hatimi ne a hannun daman Ubangiji, za a zare shi a jefar, a rubuta shi tamkar marar ɗa, don babu wani daga zuriyarsa da zai zauna a gadon Dauda. Ga mutum da aka lissafa masa 'ya'ya biyar a Babila, littafin Tarihi ma ya ambaci bakwai da sunayensu, an ce a rubuta shi marar ɗa.

Zadakiya ya biye wa masu zuga shi, ya dogara da Masar, ya yi tawaye. A wannan karo babu wanda ya buɗe ƙofa. Kimanin shekara ɗaya da rabi ana ƙawanya har abinci ya ƙare ƙaf, ganuwa ta fashe a 587 ko 586. Sarki ya sulale da dare, aka cim masa a filayen Yariko, aka kai shi gaban Bukhtanasar a Ribla. Aka yanka 'ya'yansa maza yana kallo, sannan aka ƙwaƙule masa idanu, aka sa masa mari aka kai shi Babila. Aka ƙone Haikali da fada, aka rushe ganuwa. Malaman tafsiri da yawa sun ambaci Bukhtanasar idan sun zo ayoyin farko na Suratul Isra'i, inda aka yi maganar ɓarnar Bani Isra'ila da mayaƙan da aka aiko musu, don haka wannan ɓangare na labarin ya iso zaurukan karatunmu ta wata hanyar.

Tun daga ranar nan babu wani ɗan gidan Dauda da ya sake zama sarki a Ƙudus. Abin da ya burge ni da mutanen nan shi ne ba su goge alkawarin daga littafinsu ba, ba su kuma ɓoye cewa ga alama ya karye ba. Zabura ta 89 a littafinsu ta jero alkawarin dalla-dalla, sannan ta juya tana kuka cewa an jefar da kambi a ƙasa, tana tambayar Ubangiji ina rantsuwar da ya yi wa Dauda. Suka bar alkawarin da ƙorafin a shafi guda, suka ci gaba da karanta duka biyun.

Yekoniya fa? Allunan mai sun nuna mutum cikin ɗaurin talala, da iyalinsa a kusa da abincinsa daga fada. Littafin Sarakuna kuwa kurkuku ya ambata. Mai yiwuwa tawayen baffansa ne ya jawo aka tsananta masa daga baya. Bukhtanasar ya yi shekara 43 yana mulki, ya mutu a 562. Ɗansa Amel-Marduk, wanda littafin ke kira Ewil-merodak, ya hau. A shekara ta 37 da kamun, a wata na goma sha biyu, sabon sarkin ya sa aka fito da Yekoniya. Wanda ya fita daga Ƙudus yana ɗan goma sha takwas yanzu ya kai hamsin da biyar. Aka tuɓe masa tufafin kurkuku, aka yi masa magana mai daɗi, aka ba shi mazauni sama da na sauran kamammun sarakuna, yana cin abinci a gaban sarki, an yanka masa rabo na kowace rana har ƙarshen ransa.

Nan littafin Sarakuna na biyu ya ƙare. Dogon tarihin da ya ratsa Dauda da Sulemanu da ginin Haikali, a kan akushin wani dattijo aka rufe shi. Masanan Jamus biyu sun yi saɓani mai suna a kan wannan. Martin Noth ya ce ba komai a ciki, marubucin ya rubuta abu na ƙarshe da ya sani ne ya ajiye alƙalami. Gerhard von Rad ya ce a'a, ishara ce cewa zuriyar ba ta ƙare ba. Ni na fi karkata ga na biyun, saboda dalilin da duk wanda ya taɓa zama ƙarƙashin mai ƙarfi zai gane: wanda ke rubutu a ƙasar Babila ba zai ce gidan Dauda zai dawo ba, iyakarsa ya ce mai gidan yana raye, kuma an ɗaga kansa. Shi Amel-Marduk ɗin ma bai daɗe ba, a 560 mijin 'yar'uwarsa Neriglissar ya kashe shi ya hau.

Sau ɗaya aka ga kamar za a koma gidan jiya. Sairus na Farisa ya ci Babila a 539, ya ba kamammu izinin komawa. Wanda ya zama gwamnan Yahuza a zamanin Sarki Dariyus na Farisa shi ne Zarubabel, jikan Yekoniya. A 520 Annabi Haggai ya gaya masa Ubangiji zai mai da shi kamar zoben hatimi, wato zoben da aka zare daga kakan an mayar wa jikan. Aka gama sabon Haikali wajen 515. Daga nan sunan Zarubabel ya ɓace daga labari, ba a naɗa shi sarki ba, ba a faɗi yadda ya ƙare ba. Sarakunan Yahudawa da aka yi daga baya, gidan Hasmon, zuriyar limamai ne. Hirudus kuwa asalinsa mutumin Idumiya ne, Rumawa suka naɗa shi.

To, me ake yi da alkawarin har abada idan gadon babu kowa shekara ɗari biyar? Yahudawa suka tura shi gaba. Annabawansu sun yi maganar toho da zai fito daga kututturen gidan Yesse, uban Dauda, kuma shi Irmiyan da ya la'anci Yekoniya, 'yan layuka kaɗan bayan la'anar ya yi albishir da wani reshe mai adalci daga Dauda. Har gobe masu ibada a cikinsu suna roƙon zuwan wannan reshe sau uku a yini. A Iraƙi ma sun riƙe wata 'yar sarauta ta shugaban kamammu, wadda masu ita ke cewa daga Yekoniya suka fito, ta kai har zamanin halifofin Abbasiyawa. Matafiyin nan Binyaminu na Tudela, wanda ya shiga Bagadaza wajen 1170, ya ba da labarin mai riƙe da ita yana tafiya fadar halifa bisa doki, ana shela a gabansa a ba ɗan Dauda hanya.

Kiristoci suka ce ai reshen ya riga ya zo. Shafin farko na Sabon Alkawari salsala ce, wadda masu karatu da yawa ke tsallakewa don sunaye ne zalla. Marubucin, Matiyu, ya kasa ta kashi uku, goma sha huɗu-huɗu: daga Ibrahim zuwa Dauda, daga Dauda zuwa kamun Babila, daga kamun zuwa Almasihu. A mahaɗar kashi na biyu da na uku sunan da ke tsaye shi ne Yekoniya, sai Sheyaltiyel, sai Zarubabel, sai wasu sunaye da ba a san komai a kansu ba, har zuwa Yusufu kafinta, mijin Maryamu. Luka ya ruwaito cewa Mala'ika Jibrilu ya gaya wa Maryamu za a ba ɗanta gadon kakansa Dauda, mulkinsa kuma ba zai ƙare ba. Wannan ne Hausawa Kirista na ƙasar Malumfashi da Ƙafur ke ji ana karantawa duk Kirsimeti, da Hausa, harshen da aka buga cikakken littafin a cikinsa a 1932. A Yariko, inda aka kama Zadakiya kafin a makantar da shi, Markus ya ba da labarin wani makaho mai bara da ya yi ta kiran Yesu ɗan Dauda har aka tsawata masa, bai daina ba. A fahimtar Kiristoci sarautar ta tashi daga kan kujerar Ƙudus: Bitrus, almajirin Yesu, ya tsaya a birnin ya ce kabarin Dauda ga shi nan kowa ya sani, don haka mulkin da ba ya ƙarewa na zuriyarsa ne da aka tayar daga matattu.

La'anar Irmiya ta zame musu ƙashi a wuya, kuma sun san da haka. Wasu malamansu suka ce Haggai ya riga ya warware ta. Wasu suka ce ta Yusufu gadon suna kawai ya bi, jini bai bi ba, tunda Yesu ba ɗan cikinsa ba ne, suka nuna cewa salsalar Luka ta bi ta wani ɗan Dauda dabam mai suna Natan. Malaman Yahudawa, da ba su da ruwa da wannan matsala, sun ce tuba da wahalar bauta ne suka kankare wa Yekoniya. Musulmi kuwa ya yarda Annabi Isa, Alaihis Salam, shi ne Almasihu, kuma Ibn Kasir ya kai nasabar Nana Maryamu ga Annabi Dauda, amma bai yarda da ɗiyanci ga Allah ba, bai yarda an gicciye shi ba. Allon mai na Balin ba zai raba wannan gardama ba. Ma'ajin da ya danna shi lita yake ƙirgawa. Abin da ya tabbatar kaɗan ne amma mai ƙarfi: mutumin ya rayu, a inda aka ce, a lokacin da aka ce, da 'ya'ya a gabansa. Haka dutsen da aka tsinta a Tel Dan a 1993, inda wani sarkin Suriya na ƙarni na tara kafin Miladiyya ya yi alfaharin nasara a kan gidan Dauda, ya rage bakin masu cewa Dauda tatsuniya ne. Abokan gaba ne suka ajiye shaidun biyu.

Masu mulki dai ba su taɓa ɗaukar maganar da wasa ba. Wani marubucin Kirista na ƙarni na biyu, Hegesippus, ya bar labarin da Eusebius ya kwafa a tarihinsa na ikkilisiya. Ya ce a zamanin Kaisar Domitian, wanda ya yi mulkin Rum daga 81 zuwa 96 Miladiyya, an ba da umarnin a nemo zuriyar Dauda. Magulmata suka nuna wasu mutum biyu, jikokin Yahuza wanda ake kira ɗan'uwan Yesu. Aka kai su gaban Kaisar. Ya tambaye su ko su jinin Dauda ne, suka ce su ne. Ya tambayi dukiyarsu. Suka ce su biyun abin da suka mallaka bai wuce dinari 9,000 ba, shi ma ba tsaba ba, kimar 'yar gonarsu ce, a cikinta suke ci, a cikinta suke biyan haraji. Suka buɗe tafin hannu suka nuna masa kanta. Ya tambaye su mulkin Almasihun nan, wane iri ne, a ina, yaushe. Suka ce ba na duniya ba ne, na sama ne, sai ƙarshen zamani zai bayyana. Kaisar ya dube su ya raina, ya ga ba su kai a ɓata takobi a kansu ba, ya sallame su. Suka koma gida, jama'arsu ta ɗauke su shugabanni, suka rayu har zamanin Kaisar Trajan.

Wani daga danginsu bai sami wannan sa'a ba. Saminu ɗan Kilofas, wanda ya shugabanci Kiristocin Ƙudus, an kai ƙararsa a zamanin Trajan da laifi biyu, cewa Kirista ne kuma jinin Dauda ne. Aka yi kwanaki ana gana masa azaba, yana tsoho tukuf, sannan aka gicciye shi. Hegesippus ya ƙara da cewa da aka ci gaba da farautar 'yan gidan, sai aka tarar su ma masu kai ƙarar jinin Dauda ne, aka kama su.